Masarar Da Ta Ƙi Tsirowa

Ranar Talata da hantsi aka kawo Alhaji Ghali caji ofis na Bebeji, ba hula, wuyan rigarsa a yage. Manoma sun kai arba'in suna biye da shi, kowa da abin da yake faɗa. Da Saje Mu'azu bai yi maza ya tura shi bayan kanta ba, da yanzu wani labarin ake yi.

Sufeto Abdulmumin ya fito yana goge baki, don ko shayinsa bai ƙarasa ba. Gajeren mutum ne marar son hayaniya, amma in ya kama magana sai ya ga ƙarshenta. Ya ce mutum ɗaya ya yi bayani, saura su koma inuwar darbejiya.

Fushin nasu kuwa da dalili. Shekara ta biyu ke nan ruwa yana wasa da mutane. Bara ya ɗauke masara tana goyo. Bana ya sauka sau biyu, aka yi shuka, ya ɗauke kwana ashirin da biyar, shukar ta ƙone ƙurmus. Kasuwa ta mutu a tsaye, masu taki suna gyangyaɗi a kan buhunansu, 'yan acaɓa suna zaman dirshan a tasha. Abin da ya rage wa manomi shi ne irin masara na kamfani mai kwana tamanin, jan nan da ake shafa wa magani. Alhaji Ghali ne ya kawo shi, kuma mutane suka sayar da awakinsu suka saya ba gardama, don shekararsa talatin yana sayar da iri, daga Kiru har Doguwa ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Wanda ya yi bayanin shi ne Ukasha, manomin rani daga Tiga.

"Yallaɓai, an yi ruwa ran Juma'ar waccan, kowa ya shuka. Wanda nasa bai fito ba sai ya ce ruwan ne bai isa ba. To ni ban jira sama ba. Da inji na ba gonata ruwa, yau kwana goma sha ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsaga ƙasa ba. Na tona, na tarar ya ruɓe."

Ya ajiye ragowar irin a kan kanta. Sufeto ya sa aka kawo kofin gilashi da ruwa, ya zuba dintsi guda. Kafin a ce me, ruwan ya koma kamar zoɓo, ƙwayoyin suka yi fari, wasu har da hujin ƙwaro. Saje Mu'azu ya tsoma yatsa ya duba, ya ce wannan garura ce, da ita mahaifiyarsa take rina kabar tabarma.

Sufeto ya juya ga tsohon.

"Alhaji, wa ya ɗauko maka kayan nan daga kamfani?"

"Ni da kaina na je Zariya."

"Yaushe suka iso kantinka?"

"A ranar."

Ya faɗa ne idonsa a ƙasa, Sufeto kuwa bai ji daɗin hakan ba.

Da azahar suka je kantin. Layin masu iri kaf a rufe yake, don sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta. Wani mai maganin feshi da ya rage ya ce tun da labarin ya fasu ba wanda ya sayi ko da irin alayyahu, har a Kiru manoma suna mayar da kayan da suka saya a wasu kantunan. Ai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi masana sun ce wanda bai shuka a cikin kwana goma masu zuwa ba, sai dai ya haƙura da masarar bana.

A cikin durowa Sufeto ya samo takardar fitar da kaya ta kamfani. Hatimin ya nuna Litinin. Mai maganin feshi kuma ya rantse da Allah ranar Alhamis aka sauke kayan, don shi ya ara musu baro.

Sufeto ya koma ofis ya ajiye takardar a gaban Alhaji Ghali.

"Daga Zariya zuwa Bebeji kwana uku ne, Alhaji? A kan jaki aka ɗoro su?"

Tsohon ya kawar da kai. Sufeto ya matso kusa da shi.

"Wa kake rufa wa asiri? Sunanka ne fa ake ja a ƙasa."

"Ranka ya daɗe, mijin Muhsina ne ya ɗauko. 'Yata ce. Ya ce mota ta lalace masa a hanya, ni kuma ban tsananta ba. Suruki ne, ya zan yi?"

Kafin yamma Difi'o, shugaban ofishin, ya kira Sufeto ya ce a shirya fayil, gobe a kai tsohon kotu ko gari ya lafa. Sufeto ya ƙame ya ce in aka yi haka an yanka mutumin da ransa, kuma ba manomin da zai sake yarda da irin kanti a bana. Ya roƙi kwana biyu. Difi'o ya harare shi ya ba shi.

Washegari da safe suka sami surukin, Surajo, a Kwanar Ɗangora, kwance a inuwar motarsa a-kori-kura. Ya miƙe ya gaishe su har da rusunawa, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya ce wallahi a nan wurin giyar motar ta tsaya masa, ya kwana uku yana neman kayan gyara, wataƙila a lokacin ne ɓata-gari suka musanya kayan.

"Wane makanike ne ya gyara?" in ji Sufeto.

"Wani baƙo ne, Yallaɓai, ɗan wucewa."

"Sunansa?"

"Ban riƙe ba."

Saje ya zaga garejin makanikai uku da ke wurin. Duk suka ce motar Surajo ba ta shigo hannunsu ba tun azumi, kuma ba ta kwana a Kwanar ba a makon. Mai shayi ya ƙara da cewa ranar Litinin ɗin ya gan ta shaƙe da kaya, ta karkata ta bi hanyar Tudun Wada, inda ƙauyen Surajo yake.

Sufeto bai kama shi ba tukuna. Ya dai karɓi makullin motar, ya ce da wani kofur ya zauna tare da shi ya taya shi hira.

A kasuwar Tudun Wada mata uku ne ke sayar da garura. Biyu suka ce rabonsu da babban ciniki tun bara. Ta ukun, Iya Safara'u, tsohuwa mai baki, ta ce ita ba ta riƙe fuskar mai saye, mutane nawa ke wucewa ta gabanta? Sufeto ya tsuguna ya gaishe ta da kyau, ya nuna mata kwanon jar garura da ya kusa ƙarewa alhali kore da shuɗi suna nan cike. Ya gaya mata akwai dattijo a tsare saboda wannan jar.

Jin haka sai ta sauko. Ta ce direban nan ne, Surajo, ya kwashe kusan duka, wai matarsa ta sami kwangilar tabarmin masallaci.

"Ya tambaye ki wani abu, Iya?"

"Ya ce yaya ake yi ta kama sosai. Na ce a tafasa ruwa, a zuba, a tsoma da zafinsa. Haka muke yi wa kaba."

Saje Mu'azu ya dafe kai. "Ashe dafa masarar ya yi, Yallaɓai."

Iya Safara'u ta yi salati, ta ce da ta san hatsi zai rina, da ta fasa masa kwanon a ka.

Daga nan Sufeto ya aika a taho da Surajo da Alhaji Ghali, a haɗu a ƙauyen. Shi kuma ya nemi mai unguwa ya nuna masa gonar Surajo. Ba a ma buƙatar nuni. Gonakin da ke kewaye duk jar ƙasa ce fayau, kunya-kunya ba ko tsiro, don masu su irin da Alhaji Ghali ya sayar suka shuka. A tsakiyarsu kuwa ga gona guda kore shar, masara ta yi layi har ta fara ganye uku. Ruwa ɗaya ya sauka a kansu duka.

Da la'asar motar ofis ta iso. Surajo yana ganin inda aka tsaya, gumi ya karyo masa.

"Masararka ta yi kyau," in ji Sufeto. "Wane iri ka shuka?"

"Irin gida ne, Yallaɓai, farar masararmu ta gado."

"Ba na kamfani ba?"

"Ina na ga kuɗin na kamfani?"

Sufeto ya naɗe hannun riga, ya tsuguna ya kwakkwafe ƙasar gindin wani tsiro da yatsu, ya ɗago shi a hankali da saiwarsa. Shi ma ɗan manomi ne, ya san ƙwayar masara ba ta barin saiwa da wuri. Tana nan maƙale, ɓawonta ja da maganin kamfani. Ya tumɓuke na biyu da na uku a wani layin, duk haka. Ya miƙa wa Alhaji Ghali.

Tsohon ya jujjuya tsiron a tafin hannunsa. "Wannan nawa ne," ya ce.

Surajo ya zube a kan gwiwoyinsa. Ya ce wata biyu motarsa ba ta ɗauki buhu ko ɗaya ba, don ba hatsin da ake kaiwa ko'ina, gida kuma ba a daina ci ba. Sai ya kawo kayan ƙauye, ya farke jakunkunan, ya juye na gaskiyar, ya cika su da tsohuwar masarar kaji da ya rina a tukunya a bayan gari, ya sake ɗinkewa. Rabi ya sayar wa wasu manyan manoma a Doguwa da tsada, saura yana cikin rumbunsa.

"Na ɗauka ko yaya za ta ɗan fito. In ma ba ta fito ba, za a ce fari ne. Wa ke tuhumar iri a shekarar da ba ruwa? Ban san akwai mai shukawa da inji ba."

"Ka san dai abin da ka ba mutane," in ji Sufeto, "tunda ba ka zuba shi a gonarka ba."

Surajo ya rarrafa wajen surukinsa. "Baba, ka yafe mini."

"Nawa mai sauƙi ne. Je ka nemi yafiyar waɗanda suka sayar da awakinsu."

A cikin rumbun aka fito da buhu goma sha huɗu na irin gaskiya. Muhsina tana tsaye a ƙofar gida da goyo, mahaifinta ya kasa kallon inda take.

Sufeto bai wuce da mai laifin ofis kai tsaye ba. Ya san abin da aka ɓata a kasuwa, a kasuwa ake gyara shi. Ranar Alhamis da safe ya tsayar da shi a ƙofar kantin, gaban sarkin kasuwa da manoma, 'yan sanda shida suna kewaye da shi. Surajo ya maimaita abin da ya faɗa a gona, kansa a sunkuye. Sufeto ya sanar cewa Difi'o ya amince a raba irin da aka samo ga waɗanda aka cuta tun yau, a bar buhu ɗaya don shaida, saboda ƙasa ba za ta jira kotu ba. Ukasha ya matso ya ba Alhaji Ghali haƙuri a gaban kowa. Daga nan Saje Mu'azu ya ɗaura wa Surajo ankwa, ya tura ƙeyarsa cikin mota.

Sufeto ya ɗan dakata kafin ya shiga gaban motar. Masu iri sun fara zare kwaɗunan kantunansu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Ghali ya buɗe nasa, ya zauna a kan bencinsa.

Wanda ya fara matsowa wani dattijo ne daga Ɗangora, abokin cinikinsa tun suna samari. Suka gaisa, ya jajanta masa, ya ce yana son irin dawa mai saurin nuna, jaka biyu. Alhaji Ghali ya ɗauko ya miƙa masa. Dattijon bai karɓa ba. Ya sosa ƙeya, ya kawar da kai.

"Kada ka ji haushi, Alhaji. Farke mini na gani, a kawo ruwa a kofi."

Alhaji Ghali ya daɗe yana kallon jakar a hannunsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san mutumin bai yi laifi ba. Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa.

Sufeto ya rufe ƙofar mota, ya ce da direba su tafi.