Hayaniyar Da Ke Cikin Kaset

"Don Allah kashe! Kashe, ban kalla ba tukuna!"

Maganar da ta fara yi masa ke nan a duniya, ko sallama babu. Tana tsaye a bakin shagonsa rungume da kwali, ta runtse ido gam kamar wadda za a yi wa allura. Injiniya, kamar yadda kowa a layin ke kiransa duk da bai taɓa taka jami'a ba, ya ajiye rediyon da yake gyara ya lalubo rimot. A talabijin ɗin da ke rataye a bango sabon kashin Fitilar Nesa ne ke tafiya, shirin nan na jirgi mai yawo tsakanin taurari, wanda aka shekara talatin da huɗu ana nunawa duk mako.

"Na kashe, Malama. Buɗe idon."

Ta buɗe. Daga nan bawan Allah ya shiga neman rimot ɗin da ke hannunsa.

A shekarar nan ne masu shirin suka taro wa kansu rigima. Sun sallami tsohon kyaftin mai furfura, suka canza kiɗan farko, sannan suka ɗauki jirgin suka damƙa wa matar da ta fara fitowa tana yarinya mai goge inji. Masu kallo suka rabu gida biyu, 'yan tsoho da 'yan sabo, kullum ana ta ɓarin baki a waya. Injiniya ɗan sabo ne na gaba-gaba.

"To ke wane ɓangare kike?" ya tambaye ta.

Ta waiga kamar mai tsoron a ji. "Sabo. Amma a ɓoye. Abbanmu ya haramta shi a gida, sai na je makarantar da nake koyarwa nake kallo a waya lokacin hutun tara."

Ta ce Auta ake kiranta. A kwalin kaset-kaset ne na rediyo, sun fi sittin, kowanne da kwanan wata a jikinsa. A da, kafin su sami bidiyo, Abba yakan ajiye rakoda a gaban talabijin ya naɗi sautin shirin. Shekara da shekaru yana rufe ɗaki ya saurare su shi kaɗai. Yanzu rakodar ta mutu, kaset ɗin sun fara funfuna, da ƙyar ya yarda a mayar da su cikin filashi.

"Ki ce masa sun zo hannu, Kyaftin."

"Ni ce Kyaftin?"

"Wa ya shigo min shago ya ba ni umarni na bi ba gardama?"

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi, kuma sunan ya bi ta daga ranar.

Aikin kwana goma ne, amma ya kai wata biyu, domin kullum da dalilin da zai sa ta biyo ta duba. Da safe kafin ya buɗe shago zai tura mata saƙo:

"Kyaftin, ɗakin inji na gaisuwa. Komai lafiya, sai zuciyar Injiniya da ke wata ƙara tun jiya. An bincika, an gano rashin ganinki ne."

Ita kuma ta mayar:

"Injiniyana, a lallaɓa ta zuwa ƙarfe biyu. In na tashi yara zan zo da kaina. Kada ka kalli na wannan makon ba tare da ni ba, in ka kalla na sani."

Ranar da ya je gaida Abba ya sa rigarsa mafi kyau. Dattijon tsohon ma'aikacin gidan waya ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ya amsa gaisuwa, ya gyara tabarau, ya ɗauko wayarsa.

"Kai ne ka rubuta a zauren masu kallo na waya cewa tsohon kyaftin sai ya yi huɗubar minti goma kafin ya danna maɓalli ɗaya?"

Gumi ya keto wa Injiniya. "Baba, wasa ne."

"Ka kuma ce mu da muke kukan an canza kiɗa, mu je mu rungumi rakodinmu."

"Baba..."

"Yaron da bai san darajar abin da ya tarar ba, ban ga yadda zan ba shi 'yata ba. Ka ƙarasa min aikina ka kawo."

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne Likita, wani mai cire haƙori da ya daɗe yana zarya a gidan neman Auta. Bai taɓa kallon kashi ɗaya ya kai ƙarshe ba, amma ya haddace jawaban tsohon kyaftin guda uku, yana zuba wa Abba su duk zuwa. Injiniya ya ji kishi har cikin ƙashinsa. Ya ƙudurta cewa aikin hannunsa ne zai yi masa magana.

Da ma ya riga ya juye kaset ɗin cikin kwamfuta, wasu ma juyin nan ne numfashinsu na ƙarshe, suna gamawa suka tsinke. Sai dai sautin cike yake da tarkace: ƙarar cokali, kukan jariri, fanka, da wata mata da ba ta iya kallo shiru ba, tana dariya tana sa baki. Ya zauna mako uku yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, har muryar tsohon kyaftin ta fito tas kamar yau aka naɗe ta. Shi kansa sai da ya yaba wa kansa.

Ya kai ranar Asabar da la'asar. Abba ya zauna, Auta na bakin ƙofa tana yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa. Tsohon kiɗan ya tashi, kyaftin ya fara magana. Minti ɗaya, biyu. Abba ya matso da kunnensa jikin sifika. Ya sa a wuce gaba. Ya sa a kunna wani. Sai ya ɗago kai ya dubi Injiniya.

"Ina take?"

"Wa, Baba?"

"Ina take, na ce! Me ka yi mata?"

"Hayaniyar ce na cire, don ka ji..."

"Hayaniya." Abba ya miƙe, idonsa ya kaɗa. "Fita min daga gida."

Yana tafe a hanya bai san inda yake jefa ƙafa ba sai ga saƙon Auta:

"Gwaggo ta faɗa min yanzu. Matar da ke cikin kaset ɗin Ummana ce. Ina shekara biyu ta rasu, ba mu da muryarta a ko'ina sai nan. Wallahi ban sani ba, na zaci kyaftin yake saurare duk shekarun nan. Abba ya rufe ɗaki. Ni ma ban san me zan ce maka ba."

Injiniya ya tsaya cak a tsakiyar titi har wani mai mota ya zage shi. Sai ya kwasa da gudu. Juyin farko, wanda bai taɓa ba, yana cikin tsohuwar kwamfutar shago, a wata ma'ajiya da ya sa wa suna "shara", yana niyyar gogewa ran Litinin. Da ya ga suna nan, sittin da uku cif, sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka, na kunya da na godiya a haɗe.

Ya tura mata: "Kyaftin, tana nan. Ban rasa ko tarinta ɗaya ba. Ki ba ni kwana goma."

Sai ya juya aikin. Ya danne kyaftin da jirginsa can ƙasa, ya ɗago da hayaniyar ɗakin. Cokali ya dawo, fanka ta dawo, matar ta dawo da dariyarta. Har maganganun da ƙarar harbi ta binne shekara ashirin da wani abu ya tono su.

Da ya koma, Gwaggo ce ta shigar da shi da ƙarfin hali, ta ce wa ƙanenta, "Ka saurara tukuna, in ka ga dama ka kore mu tare." Likita na zaune a kujerar kusa da Abba ya harɗe ƙafa.

Injiniya ya durƙusa ya kunna.

Murya ta cika falon, siririya, mai zaƙi, kamar tana ɗaki na gaba. "Kai dai matsa min, ka tare min talabijin da wannan rakodar taka." Abba ya dafe ƙirji. Sai kukan jariri, sai muryar ta yi laushi: "Yi shiru, Autata, yi shiru 'yar lelen Umma. Kalli jirgi."

Auta ta sulale ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba, ta kasa ko sharewa.

Likita ya yi gyaran murya. "Gaskiya hayaniyar ta yi yawa, ko kyaftin ba a ji."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Likita, ba ka da marasa lafiya yau?" Ya ɗauki makullinsa, kuma ba a sake ganinsa a layin ba.

"Akwai wani wuri, Baba," in ji Injiniya. "Harbi ya rufe shi, ina jin ba ka taɓa ji ba."

Ya kunna. Can ƙasa ana ta luguden wuta, a sama kuma Umma na cewa, "Wannan tsohon naka sai surutu. Ni da za a bi tawa, yarinyar nan mai goge inji zan ba jirgin. Ka rubuta ka ajiye, wata rana ita za ta ja shi."

Sai Abba ya fashe da dariya, dariya mai haɗe da kuka, har tabarau ya faɗo masa a cinya.

"Ta faɗa! Wallahi ta sha faɗa, ni na manta! Ashe wata takwas ina faɗa da zaɓin matata." Ya share ido ya dubi Injiniya. "Kashi nawa na rasa?"

"Talatin da biyu, Baba."

"Za ka zo ka nuna min su. Ka taho da manyanka."

An ɗaura aure bayan wata biyu. 'Yan tsoho da 'yan sabo na zauren masu kallo suka cika layin, suna musu har a kan tabarma. Da za a tafi da amarya, Abba ya kamo hannun Auta ya sa a cikin na Injiniya ya riƙe su tare.

"Ga ta nan. Tana da surutu, tana sa baki a abin da ba a tambaye ta ba, gadon uwarta ne. Kada ka gyara min ita."

"Ko tari ɗaya ba zan cire ba, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Ya cika muku gida da hayaniya, ya ba ku tsawon ran da za ku saurare ta tare."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, jama'a suka amsa da amin.