Ranar da Wayar Bashira Ta Daina Gudu

Bashira ta dangwarar da wayarta a teburin Imrana mai gyaran waya a bakin Kasuwar Ose Okwodu, ko sallama babu.

"Malam, kamfanin da nake wa aiki daga gida sun ce sai da VPN, manhajar nan ta tsare hanyar intanet, zan shiga. Da na kunna kuma sai wayar ta tsaya tana juyi."

"Wa alaikumus salam," in ji Imrana da gayya. Ya kashe VPN ɗin ya gwada gudun intanet, ya kunna ya sake gwadawa. "Kina Onitsha kin zaɓi sabar Japan, wato na'urar da saƙonki zai bi tana can. Saƙonki sai ya zagaya duniya kafin ya dawo. Wa ya aike ki?"

"Gyara na kawo, ba wa'azi ba."

Ya mayar da ita kan sabar Legas, waya ta ɗau gudu. Ta tafi tana tsaki, amma washegari sai ga ta, wai cajarta ta lalace. Caja kuwa lafiyarta ƙalau! Kafin wata biyu faɗan ya koma ta saƙo.

"Masifaffiyata, kin ci abinci?"

"Ina ruwanka, baƙauye? Na ci. Kai fa?"

Da maganar aurenta da Imrana ta taso, mahaifinta Alhaji Yahya, babban dillalin albasa, ya ce sam. Mutumin da ya taɓa yi masa dakon buhu? Shi Aslam yake so, ɗan amininsa na Enugu. Aslam ya zo zance, ya karɓi wayarta wai zai sa mata VPN na manya. Ta bar shi don dai ya yi ya tafi.

Bayan mako guda Alhaji ya watso mata takardu a tsakar gida. Saƙonninta ne da Imrana, kaf, har wanda ta ce tana sonsa kamar ranta.

"Ga wanda kika zaɓa! Aslam ya ce yawo yake da su yana karanta wa 'yan dako. Kin zubar min da mutunci!"

Baƙin ciki ya turnuƙe ta. Ta rubuta wa Imrana: "Allah ya isa tsakanina da kai. Kada ka ƙara nemana."

Ga waya ta sake nauyi, kamfani na barazanar sallamarta. Masu gyara biyu suka gwada suka kasa. Dole ta koma teburin da ta tsana.

"Ajiye nan," ya ce, bai ko dube ta ba.

Ya canza saba, shiru. Ya haɗa ta da waifai ɗinsa, shiru. Ya kashe VPN ɗin gaba ɗaya, har yanzu tana rarrafe.

"Ba VPN ɗinki ba ne. Wani abu ke kwasar kaya daga wayar yana fitarwa." Ya tono wata ɓoyayyiyar manhaja, ya juyo mata allon. "Duk saƙon da kika rubuta wannan lambar yake zuwa. Kin san ta?"

Lambar Aslam ce. Ta ɗago ta dube shi.

"Imrana, na zalunce ka. Ka yafe min."

"Ko tambayata ba ki yi ba, Bashira. Shi ya fi yi min ciwo."

"Ka zage ni daga baya. Yanzu tashi mu je wajen Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallon lambar. Ya kira Aslam a gabansu: "Kada ƙafarka ta sake taka gidana." Ya harari Imrana. "Kai kuma ba wai ka burge ni ba ne. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Bashira na ɗaki, ƙawayenta na gyara mata lalle, sai ta ji muryar mahaifinta a lasifika daga ƙofar gida, inda 'yan kasuwa da 'yan dako suka cika maƙil.

"Jama'a, kafin a yi fatiha ku shaida. Na zargi yaron nan da abin da bai yi ba, na kuma ci mutuncin 'yata a kan maganar maƙaryaci. Ni na yi kuskure. Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya."

Amin ta cika unguwa. Bashira, wadda tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin mahaifinta ya ce ya yi kuskure ba, ta kifa kanta a gwiwa ta fashe da kuka.