Kwanar da Shatau Ya Miƙar

Da hantsi Shatau, injin zana taswira, yake sakin ƙudajensa. Ƙananan jirage ne marasa matuƙi, guda dubu biyu, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Su tashi daga rufin ofishin taswira na Birnin Tsamiya, su ɗauki hoton kowane lungu, kafin azahar injin ya zana garin kaf a allon bango. Inda ya ja layi nan injinan kwalta suke bi, nan kuma motoci marasa direba suke bi.

Ni Ɗanjummai shara nake yi a ofishin. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Shekara arba'in ina haƙar rijiya, sau uku ƙasa tana rufta mini, ambaliyar da ta cinye tsohon gari ma a kan bishiyar kuka na yi mata kwana biyu. Ga ni dai.

Bana aka ƙara wa Shatau wata dabara don aiki ya yi sauri. Idan ya ga hanya ta karkace, ba gida, ba dutse, ba ruwa, sai ya miƙar da ita da kansa, ba ya jiran kowa. Ina goge allo na ga ya miƙar da kwanar Unguwar Baba.

Na sami shugabar ofis, Injiniya Hansatu.

"'Yata, ki ce wa abin nan naku ya mayar da kwanar nan. Tsohuwar marina ce a ƙasa, rijiyoyin rini sun fi sittin. Katako aka ɗora musu aka zuba shara."

"Baba, Shatau yana ganin cikin ƙasa har mita biyu. Bai ga rami ba."

"Ambaliya ta zuba laka tsayin mutum biyu a kai. Ni na shiga wurin da ƙafata, shi da hoto."

Ta yi murmushi. "Baba ke nan. Ka bar mana zane, mun bar maka tsintsiya."

Ranar buɗe hanya na riga kowa zuwa. Motar ma'aikata ce a gaba, mutum hamsin a ciki, tankar ruwa a bayanta. Na san motocin nan ba sa taka mutum, sai na zauna a tsakiyar kwalta na miƙe ƙafa. Motar ta tsaya cak. Wani ya leƙo ta taga.

"Tsoho, in barci ne ka je gida mana, mun makara."

"Za ka makara dai, ɗan nan, amma za ka je."

Tankar ta lissafa, ta ratse ta gefenmu ta wuce. Taku talatin ta yi, kwaltar ta buɗe. Ta nutse har wuya, ruwa baƙi mai warin baba ya taso.

Da la'asar Hansatu ta sa aka kawo mini kujera a gaban allon. Ta tambayi Shatau kwanar hanya nawa ya miƙar tun da aka ƙara masa dabarar. Ya ce dubu huɗu da ɗari biyu, an kuma zuba kwalta a kusan duka.

"Baba, nawa ka san dalilinsu?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sandar tsintsiya. Nan tsohuwar maƙabarta, nan kududdufi, nan rijiyar da na haƙa da hannuna. Na kai saba'in da uku na tsaya. A garin nan babu mai kawo rabin haka.

"Sauran fa? Wa za mu tambaya?"

Na fara jero mata sunaye: Ilu mai jaki, Tanko magini, Ladi mai ɗiban yumɓu. Ta ɗauki alƙalami tana rubutawa da sauri, tana tambayar unguwar kowa.

Na ce mata ta ajiye alƙalamin. Duka ni na haƙa musu kabari.