Masinjar Gida Biyu

"Je ki faɗa wa ubanki, in ya isa ya karɓi baƙin nan ba da sanina ba!" Mama ta faɗa tana buga murfin tukunya.

Auta ta ja gyalenta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rabuwar iyayenta, kuma tun ranar ita ce masinja. A hanya take wanke saƙo tas. In Mama ta aika da zagi, sai ya isa wurin Baba a matsayin gaisuwa. Na Baba ma haka. Yarinya ta ƙware a ƙarya don a zauna lafiya, ɗacin kuwa a ƙirjinta yake taruwa.

Yanzu ga wani malamin makaranta da take so kamar ranta. Sau biyu danginsa suna shirin zuwa neman aurenta ana ɗagawa, don an rasa gidan da za su sauka.

"Sori Auta, wallahi ina sonki," ya ce mata a waya, "amma mahaifiyata ta ce in Asabar ta wuce, in nemi wata."

"Ba ni kwana biyu kawai."

Ta sha kukanta ta share fuska. Ta roƙi Gwaggonta aron falo, ta kira iyayen, kowa bai san ɗayan zai zo ba. Suna haɗa ido Baba ya juya, Auta ta tare ƙofa.

"Yau zan isar da saƙo yadda aka ba ni. Baba, Mama ta ce kai azzalumi ne, ko gawarta kada ka raka. Mama, Baba ya ce babbar asararsa a duniya ita ce haɗa jini da ke." Ta nuna kanta. "Ni ce jinin! Tun ina 'yar shekara tara nake haɗiye irin waɗannan. Kun rabu kun huta, ni kuka bari da auren."

Mama ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Baba ya lalubi kujera ya zauna, sannan ya dubi tsohuwar matarsa, ya yi mata magana da bakinsa.

"Asabar ƙarfe huɗu, a nan gidan. Ya yi miki?"

"Ya yi."

Haƙurin Auta ya biya, ta auri masoyinta. Iyaye, in zama ya ƙi ku rabu lafiya, amma kowa ya riƙe ɗacin bakinsa, kada ya ɗora wa yaro ya kai.