Kukun Tsohon Gidan Lokoja

Ku matso, in ji Yaya Uwani. Wanda bai gama tuwonsa ba ya gama, don bayan wannan ba zai ciwu ba.

Kun san Sallau, ƙanin mijina, dillalin gidaje a Lokoja. An ba shi makullin wani gidan sama na katako, ginin Turawan farko. An gyara shi tsaf, sabon fenti, sabon kwano, an kafa allon sayarwa. Ana gobe masu saye za su zo, ya je da la'asar shi kaɗai don ya buɗe tagogi.

Yana shiga ya ji warin fenti. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani warin, kamar kifi ya kwana uku a rana.

Sai ya ji taku daga kicin. Caɓ. Caɓ.

Wani tsoho ya fito da fararen kayan kuku, riƙe da tire.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ga shayi."

"Baba, wa ya buɗe maka?"

"Ni ban taɓa fita ba."

Bakinsa na motsi, amma muryar daga ƙarƙashin daɓe take fitowa. Sallau ya dubi ƙasa. Ƙafafun tsohon sun kumbura, sun yi fari fat, fatar tana saɓulewa. Duk inda ya taka sai ya bar ruwa mai yauƙi, tsutsotsi na mutsu-mutsu a ciki.

"Sha mana."

Hannun Sallau ya karɓi kofin ba da sonsa ba. Gashi ne ke yawo a kan shayin, da wani farce guda. Kofin ya taɓa leɓensa. Da ƙyar ya samu bakin yin A'uzubillahi. Kofin ya faɗi.

Tsohon ya tsuguna yana lashe daɓen.

"Kun shafe bango," in ji muryar, "ba ku tambayi na ciki ba."

Sallau ya fita da baya, ko takalmi bai ɗauka ba.

Wata huɗu ke nan. Kome matarsa ta dafa, da ya kai baki sai ya ji ɗanɗanon kofin nan. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ya rame kamar kara. Allon kuwa yana nan a ƙofar gidan.

Don haka in kun ga tsohon gida ya sha sabon fenti, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai. In kuma aka miƙo muku abin sha a ciki, ku fara duban ƙafar mai miƙowa.