Shayin Tulu da Madarar Baffa Manu

"Me ka ba Baffana ya sha?"

Sabitu bai ko gama jingine kekensa a gindin tsamiya ba tambayar ta same shi. Lauratu na tsaye, ƙwaryar nono a ka, hannu a ƙugu. Ran kasuwar Kurfi ce, kuma nan bayan rumfunan masu nono suka saba haɗuwa, inda kowa ke ganinsu, kowa kuma ke yin kamar bai gani ba.

"Laure... ko sallama babu?"

"Wa'alaikumus salamu. Me ka ba shi?"

"Shayi ne fa."

"Shayi! Shayi ne zai sa dattijo ya dawo gida ya ce a maida maku goronku?"

Sabitu ya saki keken ya faɗi. Goron tambaya ke nan, wanda baffanninsa suka kai rugarsu Lauratu a gefen Barkiya tun kafin a gama sussuka.

"A maida... Laure, don Allah ki bar wasa."

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Bai gani ba. Hawaye ya gani, tana ƙoƙarin maida su inda suka fito.

Asalin abin kuwa daga Kano ya faro, shekara biyu kafin a ba ƙasa mulkin kai. Mahaifinsa, Alhaji Hudu mai hatsi na Dutsin-Ma, ya tura shi rakiyar lorin gyaɗa. Can wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, ya miƙa mashi shayi a tambulan, da ƙanƙara na iyo a ciki. Sabitu ya kurɓa, ya lumshe ido. Wani in ya je Kano turmin atamfa yake dawowa da shi, wani agogo. Sabitu da ra'ayi ya dawo, wanda shi ne mafi tsadar tsarabar da namiji ke kawowa gida.

Dutsin-Ma dai babu ƙanƙara, sai in sama ta ga dama ta jefo da damina. Wannan bai hana shi ba. Ya fara tsoma butar shayi da zafinta cikin randar mahaifiyarsa. Shayin bai yi sanyi ba, ruwan gidan ne ya yi ɗumi, ta kore shi da muciya. Ya ɗura a gora ya zura rijiya da igiya. Igiyar ta dawo, gorar ba ta dawo ba, unguwa ta kwana biyu tana alwala da ruwa mai ƙanshin kanumfari.

Daga baya ya gano hanya. Ba ya barin ganyen ya daɗe a wuta, don kada ya yi ɗaci. Ya tace da farin ƙyalle, ya zuba sukari tun da zafi, ya jefa na'ana'a. In ya huce sai ya matse lemon tsami, ya juye a sabon tulu, ya naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu, ya rataye a reshen bedi, wato dogon yaro, inda iska ke ratsawa. Buhun na bushewa yana yayyafa ruwa. Kafin rana ta take, shayi ya yi sanyin da har haƙori ke amsawa.

Shi ke nan, duk baƙon da ya taka zauren Alhaji Hudu sai ya sha. Haka mu maza muke, in muka iya abu ɗaya sai duniya ta gaji da mu.

Ana cikin haka Baffa Manu, mahaifin Lauratu, ya zo ganin gidan da za a kai ɗiyarsa. Tsakiyar bazara ce. Ya sauka daga lorin Kurfi da hantsi, gumi ya jiƙa mashi riga, riƙe da gorar madara da ya tatsa da hannunsa da asuba. A bazara kuwa saniya ba ta ba da madara sai da roƙo, don haka wannan gora ba ƙaramar kyauta ba ce.

Sabitu ya ga suruki ya sha rana, ya ce yau ce ranar tulu. Ya cika ƙoƙo, ya durƙusa ya miƙa.

Baffa Manu ya leƙa ƙoƙon. Shayin da ya sani na teburin mai shayi ne, mai tururi, fari tas da madara. Wannan baƙi ne, ga shi ya huce kamar wanda aka manta da shi tun jiya. A ransa ya ɗauka mutanen gari ne madara ta yanke masu, sai ya ga ya rufa masu asiri. Ya buɗe gorarsa ya tsiyaya.

Madara ta gamu da lemon tsami. Nan take ta tsinke, gudaji-gudaji suka taso suna yawo.

Zauren cike yake da abokan cinikin Alhaji. Wani dillali, Atiku, wanda bakinsa ya fi hankalinsa sauri, ya leƙo ya ce, "Af! Ashe Baffa da cuku ya zo mana!"

Zaure ya ɗauka. Alhaji Hudu ma ya sa hannun riga ya rufe baki. Sabitu kansa, don ya sassauta abin a ganinsa, ya ɗan murmusa.

Baffa Manu ya yi bisimilla, ya kafa kai ya shanye tas, gudajin da komai, fuskarsa ko motsi. Ya yi godiya, ya duba ɗakin da aka nuna mashi, ya ce ya yi kyau, ya koma. Sabitu ya kwana yana ganin an yi nasara.

"Ya ce gidan da madara ke tsinkewa," in ji Lauratu yanzu a gindin tsamiya, "ba a kai ɗiyar makiyayi."

"Ai lemon tsami ne! Wallahi lemon ne kawai! Bari in je in yi mashi bayani..."

"Tsaya nan, ɗan birni. Kana zaton mutumin da ya tsufa a gindin saniya bai san abin da ke tsinka madara ba?"

"To me ya sa..."

"Ni zan tambaye shi? Ni ɗiyar fari ce. Ko sunana ba ya kamawa, balle in zauna in ce Baffa don me."

"Laure, hasken idona, ki dube ni."

"Ba zan duba ba."

"In babu ke..."

"Kar ka fara! Sabitu, ina sonka, Allah ya sani, 'yan nono ma sun sani. Amma ba zan taka zuciyar Baffa in shiga gidanku ba. Ko zan mutu a ruga."

Ta gyara ƙwaryarta ta wuce. Bai taɓa jin ta kama sunansa ba sai ran nan, kuma bai ji daɗin yadda ya fito ba.

Satin nan Sabitu bai zauna wuri ɗaya ba. Ya tashi ya shiga rumbu, ya manta abin da ya kai shi. Ya auna wa mai gero dawa. Ya hau keke ya kama hanyar Kurfi, ya kai rabi ya juyo, ya iso gida ya sake juyawa. Tulun na rataye a bedi, buhun ya bushe ƙamas, ba mai kula shi.

Daga ƙarshe ya nufi Barkiya, a lokacin da ya san Baffa na daji da shanu. Ya tarar da Inno, kakar Lauratu, tana kaɗa nono a inuwar bukka.

"A'a, mijina ne?" in ji ta. "Ka rame. Ko kishiyar tawa ta daina ba ka fura?"

"Inno, ban zo da wasa ba yau."

"Ni ma ban tsufa da wasa ba. Zauna."

Ya tsuguna. Ya fara zancen lemon tsami, ta ɗaga mashi hannu.

"Bar ni da lemonka. Manu ni na haife shi. Ya sha ruwan kududdufi, ya sha abin da ya fi shayinka muni. Da ya dawo ran nan, ko tuwo bai taɓa ba. Ka san me ya ce mani?"

"A'a."

"Ya ce, Inno, na kai masu abin da nake da shi, suka yi dariya."

Sabitu ya sunkuyar da kai.

"Ya ce, ni da furfurata ke nan. In yarinyar ta zuba madara inda ba a zubawa, ta ɗaura zane yadda ba a ɗaurawa, wa zai hana su? Ya ce har yaron ma ya yi murmushi."

"Wallahi ba da nufin..."

"Na sani. Kai ba mugu ba ne, wawa ne kawai, shi ya sa nake sonka."

"To me zan yi, Inno? In kawo dattawa su ba da haƙuri?"

"Su waɗanda suka yi dariyar? A ɗaki za su ba shi haƙuri, alhali a gaban mutane aka yi mashi?" Ta ci gaba da kaɗa nononta. "Tashi ka tafi, mijina, kar a ce na tsare ka."

A hanyar komawa ne abin ya faɗo mashi. Da ya isa gida ya sami Alhaji Hudu a zaure shi kaɗai, ya faɗa mashi abin da yake son yi.

"A kasuwar Kurfi?" in ji Alhaji. "Inda nake da rumfa? Kana so a riƙa nuna ni ana cewa ga uban mahaukaci?"

"Baba..."

"Mata sun ƙare a Dutsin-Ma ne?"

"Ba su ƙare ba. Amma Baba, a zaurenka aka yi dariyar nan. Baƙonka ne."

Alhaji ya jawo carbinsa ya shiga ja. Sabitu ya ji kamar ya janye maganar, don bai taɓa tsaya wa mahaifinsa haka ba.

"Ni ban ce ka je ba," in ji Alhaji daga ƙarshe. "Ban kuma ga lokacin da ka fita ba."

Ran kasuwa, rana na tsaka, Sabitu ya tura kekensa cikin kara, inda ake cinikin shanu, tulu ɗaure a baya. Baffa Manu na zaune a inuwa da 'yan uwansa makiyaya, sanduna a kafaɗa. Sabitu ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa, ya kwance tulun.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya." Bai dube shi ba.

"Baffa, roƙo na zo. A san mani madara."

Makiyayan suka dubi juna. Ba a hana mai roƙon madara, ko maƙiyi ne. Baffa ya tura mashi gora da gefen sanda.

Sabitu ya ɗauko ƙwarya, ba ƙoƙo ba, babbar ƙwarya. Ya tuntsura shayin, wanda ya ninka wa lemon tsami don kada a ce ya yi ha'inci. Ya zuba madara. Ta tsinke a gaban kowa.

"Kai! Ɗan Alhaji Hudu ne fa!"

"Me yake haɗawa? Maganin shanu?"

"Jama'a," in ji Sabitu, "wannan shi na ba Baffa a gidanmu. Ni na haɗa, ni ne ban san yadda ake karɓar baƙo ba. Ya sha bai ɓata fuska ba. Yau ku gani ko ɗan birni zai iya."

Ya kafa kai.

Ɗan birni bai iya ba. Kurɓar farko fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ta biyu idanunsa suka kawo ruwa. Kara ta kece da dariya, dillalai suka bar ciniki, masu nono suka taso da ƙorensu. Wani tsoho ya riƙe ciki yana cewa a taimake shi. Sabitu ya hango Lauratu a bayan mata, ta toshe baki da gefen mayafi, ba ya iya gane kuka take ko dariya. Wataƙila ita ma ba ta gane ba.

Ya shanye. Ya goge baki, ya sake jawo tulun.

"Saura," ya ce, ya cika ƙwaryar karo na biyu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba a wurin. Baffa Manu na kallonsa tun ɗazu, haɓa bisa sanda. Sabitu ya ɗaga ƙwaryar, cikinsa na wani ƙugi da na kusa ke ji.

Sai sanda ta sauka a bakin ƙwaryar a hankali, ta danne ta ƙasa.

"Ya isa."

"Baffa, ban gama..."

"Na ce ya isa. Madarar bazara ce kake ɓata mani." Ya karɓe ƙwaryar ya ajiye gefe. Ya dubi taron har dariyar ta mutu da kanta, sannan ya dubi Sabitu. "Yarinyar nan ba ta san komai na gari ba. Za ta yi kuskure."

"In ta yi, Baffa, tare za a yi mana dariyar."

Baffa ya dubi ƙasa. Can bayan mata, Lauratu ta kasa kunne.

"Ka ce wa Alhaji goron na nan, ba a taɓa shi ba." Ya miƙe, ya saɓa sandarsa. "Kai kuma tashi ka nemi kanwa ka sha. Kada ka maida mani ɗiya mai takaba tun ba a ɗaura ba."

Lauratu ta saki ƙwaryar nononta ta faɗi, ta durƙushe a wurin tana kuka, mata na ta yi mata guɗa a ka. Baffa ya wuce ta gabanta bai waiwaya ba, kamar yadda ya kamaci uban ɗiyar fari. Amma waɗanda ke kusa sun ce ya ja malfarsa ƙasa sosai, har ta rufe mashi ido.