Uwar Cikin Akwati

"Ɗauke hannunka, Illa! Na ce ka ɗauke!"

Illa bai ɗauke ba. Ya ci gaba da shafa akwatin ordinatar, wato kwamfutar, da ke kan kantar Bakari, wani dogo mai gefen gilashi, fitilu na zagaye cikinsa ja da kore da shuɗi. Yadda ya kafe shi da ido, sai ka rantse amaryar ce aka kawo masa, alhali amaryar tana tsaye a gefensa tana huci.

"Haba Zuhu, dubi hwa! Samarin garinmu Buza in sunka ga wanga, wa za shi wuce bai shigo ba?"

"Hitila za su buga ko wasa?"

"Da ido aka hwara saye, rabin raina."

"Rabin ranka bai yarda ba."

Bakari mai shagon ya juya yana gyara wasu kwalaye da ba su buƙatar gyara. Duk Madawa babu mai kawo kayan ordinata daga Yamai sai shi, kuma ya daɗe da sanin cewa idan masoya suka fara, mai shago kurma ne.

Zuhura shekara biyu ta yi a Tawa tana karatun ordinata. Illa kuwa shekara huɗu ya yi a Abijan yana tallan agogo da tabarau a bakin titi, ya dawo da abin da ya tara don ya aure ta. Bayan ya ware na aure, jikka ɗari huɗu da hamsin suka rage, kuma a kansu rayuwarsu duka ta rataya. Shawarar Zuhura ce su haɗa ordinata guda mai ƙarfi: da safe ta riƙa buga wa mutane takardu, da yamma samari su biya su buga ƙwallo da tseren mota bibbiyu. Idan abin ya tsaya, Illa ya zauna gida. Idan bai tsaya ba, yayansa Mahamud ya riƙe masa teburin talla a Abijan, yana jiran amsarsa ranar Juma'a. Za a ɗaura aure, a yi wata guda, ya hau mota kamar sauran mazan Adar.

Wannan tafiyar ce Zuhura ta rantse ba za ta gani ba.

Illa ya zaro takarda daga aljihu. Ashe shi ma ya yi nasa tsarin.

"Ji nan. Akwatin ga, da sabuwar kart grafik babba, tunda ke kinka ce ita ka zana hoton wasa. Abin da yar rage mu sayi sauran."

"Kart mer hwa?"

Ya nuna wata ƙarama a can ƙasan kanta, kwalinta har ya koɗe.

"Ga wata can mai arha. Mi za mu kashe kuɗɗi bisa abin da ba a gani? Cikin akwati take, ba wanda za shi tambaye ta."

Maganar ba zagi ba ce, amma ta soki Zuhura a inda bai nufa ba. Ta gyara gyalenta, ta fita daga shagon.

A gindin itacen bedin da ke ƙofar shagon ya same ta, ta juya baya tana share ido da bakin gyale.

"Subhanallahi! Zuhu, kuka? Don akwati?"

"Ka san mi kart mer ka nuhi da Hausa?"

"Na yi karatun lakkol ko da kaɗan na... katin uwa."

"To. Komi bisa gare ta aka ɗora shi. Ƙwaƙwalwar, da kart grafik ɗin da kake ma rawar kai, da wuta, dut ta jikinta suka bi. In ta gaza, kowa ya gaza. Kuma kai gaskiya kah hwaɗi, ba a ganinta."

Ta juyo ta dube shi.

"Ina shekara biyat Baba yat tahi. Kowa na yabon kwanon da yaz zuba ma gida, kowa na yabon shagon da yag gina ƙohwar gida don in ya dawo shi zamna. Bai dawo ba, Illa, can anka rufe shi. Wa yat taɓa yabon Inna? Ita tay yi noma, ita tak kai ni lakkol, ita tak kwana da mu asibiti. Ba wanda yat tambaye ta... cikin akwati take."

Illa ya tsuguna a gabanta, a bakin titi, bai damu da masu kabu-kabun da ke kallo ba.

"Ki gahwarce ni. Wallahi ban kai can ba."

"Ba ni son kwano, ba ni son atamhwar Abijan. Kai nike so, da ƙahwahunka cikin gida. Ka ji ni?"

"Na ji, hasken idona. Tashi ki zaɓa, ni ɗan dako na yau."

Ta harare shi da jajayen idanu, dariya na neman ƙwace mata.

Da suka koma, Bakari ya ga aiki. Zuhura ta sa ya sauko da kart mer uku, ta juya kowace, ta karanta bayan kwali, ta zaɓi ta tsakiya mai ramuka huɗu na ram, sandunan da ke riƙe wa na'ura aikin da take yi, don idan Allah ya buɗa a ƙara ba sai an sake sabuwa ba. Ta ɗauki prosesar, ƙwaƙwalwar na'urar, daidai ƙarfinta, ba babba ba. Ram sanda biyu. A kan alimantasiyo, akwatin da ke raba wa kayan wuta, ta ƙi sassautawa ko kaɗan, ta kuma haɗa da ondular mai riƙe wuta in an ɗauke, saboda kuran, wato wutar lantarkin Buza, ba ta sallama kafin ta tafi.

"Kart grafik hwa?" in ji Illa a hankali, kamar mai tambayar maras lafiya.

"Okaziyo za mu saye."

"Wadda wani yam mora?"

"Kai ma Abijan ta more ka shekara huɗu, kuma ga ni zan ɗauka."

Bakari ya kasa riƙewa, ya tuntsire da dariya har da dukan kanta.

Amma ba ta ɗauka da ka ba. Ta sa Bakari ya ɗaura kart ɗin a tasa ordinatar, aka saka wasa mafi nauyi, aka bar ta tana aiki awa guda cur a tsakiyar zafin azahar. Zuhura na zaune, tafin hannunta kusa da fankar, idonta a kan hoton ko zai yi tsalle. Bai yi ba. Sannan ta gyaɗa kai.

Abin da ya rage ya sayi ekran, allon kallo, na hannu, da manet biyu na buga wasa, da wani baƙin akwatin ƙarfe maras ado, mai ramukan iska gaba da baya. Illa ya dube shi, ya dubi mai fitilun, ya yi ajiyar zuciya irin ta mai bankwana a gar, tashar mota.

Sai dai babban aikin yana gida.

Inna Cima, mahaifiyar Zuhura, ba ta ƙi Illa ba, ta san shi tun yana yawo ba wando. Abin da ta ƙi shi ne zaman. Tun ranar da aka kawo mata zancen ta yanke: "Namiji tahiya shikai. Wanda yaz zamna cikin yara shina wasa, mi za shi ba ɗiyata ta ci?" Da Zuhura ta dame ta da magiya, sai ta ce to, a kawo abin ta gani da idonta ranar Alhamis. Idan bai gamshe ta ba, kada a sake tayar mata da maganar.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, aka jawo waya daga ɗaki. Inna ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana tsinkar zogale, fuskar nan a ɗaure tamau. Illa ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa.

Zuhura ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta fara. Ta kwantar da kart mer, ta ɗora prosesar a hankali, ta shafa masa ɗan farin man sanyaya, ta ɗaura fanka. Ta jera ram, ta zura kart grafik, ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Gumi na ɗiga daga haɓarta, tana kawar da kai kada ya sauka a kan kayan.

Inna tana yi kamar ba ta kallo, amma zogalen hannunta ya daɗe bai ragu ba.

"Ke yarinyag ga," ta ce, don ba ta kiran sunan 'yar fari, "wanga hwaihwan da kika ta lafta ma kaya, mi a sunanshi?"

Kafin Zuhura ta buɗe baki, murya ta fito daga can nesa.

"Uwa aka ce mata, Inna."

"Uwa?"

"I, Inna. Komi bisa gare ta yake. Ni da wautata na so in sayi mai arha, don na ce ba a ganinta. Ita tah hana ni. Tac ce in uwa ta gaza, gida ya gaza."

Inna ta mayar da ido kan zogalenta.

Aka gama. Zuhura ta haɗa ekran, ta dubi Illa, ta danna maɓalli.

Fanka ta juya. Ekran ya tsaya baƙi ƙirin.

Ta kashe, ta sake kunnawa. Baƙi. Ta taɓa wayar ekran, ta cire ta mayar, ta sake dannawa. Babu ko ɗigon haske. Gobe Juma'a, ranar da Mahamud ke jiran amsa kan teburin Abijan. Ta ga kanta shekara ashirin nan gaba, a kan wannan kujerar, tana tsinkar zogale tana jiran salula ta yi ƙara.

"Zuhu..." in ji Illa.

"Yi shiru! Ban ƙare ba."

Ta cire wuta. Ta dafe ƙirji har numfashinta ya daidaita, sannan ta fara bi daga farko kamar yadda aka koya mata. Wutar prosesar tana nan. Kart grafik ta zauna. Da ta zo kan ram sai ta gani: sandunan biyu ba su shige ba, 'yan maƙallan gefe a buɗe suke. Tsoro ne ya hana ta dannawa tun farko, don wannan faifan shi ya ci kuɗin da ta yi faɗa a kansa.

Ta ɗora manyan yatsunta a kan sandar, ta danna kaɗan. Faifan ya ɗan lanƙwasa. Ta janye hannu da sauri.

"Mi yah hwaru?" in ji Inna. Ta riga ta ajiye tiren zogalen, ta matso har bakin tabarma.

"Sai an danna da ƙarhi, Inna. Tsoro nike ji ta karye."

Inna ta dubi faifan da duk kayan da aka lafta masa, ta daɗe tana dubansa.

"In dai uwa kunka ce, danna mata. Tana ɗauka."

Zuhura ta ɗago ta kalli mahaifiyarta, ta kalli hannuwan nan da fartanya ta cinye. Hawaye ya cika mata ido. Ta danna.

Ƙas! Ta danna ɗayar. Ƙas!

Ta mayar da wuta, ta kunna. Fanka ta juya, aka yi ɗan jim, sai rubutu fari ya bayyana a kan ekran.

"Allahu akbar! Ta tashi! Wallahi ta tashi!" Illa ya yi tsalle ya manta a gaban wa yake, sannan ya tuna, ya koma ya tsuguna da sauri har yana neman faɗuwa.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta shige ɗaki. Zuhura da Illa suka dubi juna, murnar ta koma ciki. An ji ƙarar buɗe tsohuwar kwalla, an ji an rufe. Da ta fito, hannunta a dunƙule yake.

"Illa, matso."

Ya matso da gwiwa.

"Na ce namiji tahiya shikai, don in ban ce haka ba, mi zan ce ma shekarun da niy yi ina jira? Ban iya cewa banza niy yi su." Muryarta ta karye, ta tsaya ta gyara ta. "Amma ba ni son ta ɗauki abin da niɗ ɗauka. Don uwa na ɗauka, ba shi a cewa ba ta jin nauyi ba."

"Inna..." Zuhura ta faɗa jikinta tana kuka.

Inna ta buɗe hannunta. Makulli ne, ya yi tsatsa, ɗaure da wani tsohon ƙyalle. Na shagon ƙofar gida ne, wanda ba a taɓa buɗewa ba tun da aka kawo labarin rasuwar mai shi.

"Ka hwaɗa ma Mahamud shi ba wani teburin. Ka turo manyanka a sa rana." Ta damƙa masa makullin, ta rufe hannunsa da nata. "Shekara goma sha ɗaya ɗakin ga na jiran namijin da za shi zamna. Tashi ka buɗe shi tun da sauran rana."